Daga Madarumfa Zuwa Katsina Saboda Shanun Ardo

Ana sallame sallar asuba muka tayar da mota, ranar Talatar da ta wuce. Masunta ba su gama tura jiragensu cikin tafki ba muka bar Madarumfa. Mu huɗu ne: babbanmu na aikin dabbobi, wanda ya zo daga Maradi ya kwana a garinmu, da shofer, wato direbanmu, da wani malamin lakwal, makarantar boko ke nan, da aka ɗauko ya yi mana tafinta, sai ni, ƙaramin ma'aikaci mai yi wa shanu allura. Tun da na dawo ake tare ni a hanya ana tambayata yadda Katsina take, shi ya sa na ga gara in zauna in ba da labarin gaba ɗaya.

Ga abin da ya kai mu. Ciwon bushiya ya ɓulla a wasu rugage na bakin iyaka, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda yake share garke cikin 'yan kwanaki ba ya wasa da shi. Allurar rigakafi muna da ita, mutanen Nijeriya ma suna da tasu. Matsalar ita ce makiyaya. In suka ji motarmu ta doso, sai su kora shanu su tsallaka Nijeriya. In na can suka fito, sai su dawo Nijar. Bara haka muka yi ta zagaye da wani ardo mai babban garke a dajin kudu da Gabi, ko saniya ɗaya ba mu taɓa ba. Sai gwamnatocin biyu suka yarda ma'aikatansu su riƙa fita rana ɗaya, su haɗu wuri ɗaya. Mu aka aika Katsina mu tsayar da ranar, daga can kuma mu wuce daji tare da su.

Ban taɓa tsallaka iyaka ba a rayuwata, don haka tun daren jiyan na goge takalmina har sau biyu. A bayan mota akwai akwatin katako, cikinsa kwalaben allura ne a binne cikin ƙanƙara da garin katako. Allurar nan in ta ji zafi ta mutu, ko an yi wa saniya kamar ruwa aka zuba mata. Ni aka ɗora wa kula da akwatin. Gefensa kuma kwando ne na bandar kifin tafkinmu, tsarabar da za mu kai wa masu masauki.

Ba mu yi nisa ba Gulbi ya gwada mana halinsa. Ruwa ya janye, sama yashi ya bushe fes, ashe ƙasa da sauran danshi. Muna tsakiya sai mota ta yi gurnani ta zauna har ciki. Shofer ya sauka ya zagaya ta sau uku yana yi mata faɗa kamar tana jinsa. Allah ya taimake mu kaka ce, manoma na ta ɗebo dawa. Wasu mutane suka tsayar da jakunansu, suka kawo kara aka shimfiɗa ƙarƙashin tayoyi, aka yi ta haƙa ana turawa. Babbanmu ma ya tuɓe takalmi ya naɗe wando. Tafinta kuwa, wanda ya sa farar riga mai guga saboda taro, taya ta watsa masa laka daga wuya har gwiwa. Kafin mu fita hantsi ya dubi ludayi, rana ta fara cizo. Da na leƙa bayan mota sai na ga ruwa na ɗiga daga gindin akwati. Na cire rigata ta sama na jiƙa na lulluɓe shi, ban gaya wa kowa ba sai babbanmu.

A Dan Isa ma'aikatan duwan, wato kwastan, ba su tsayar da mu ba, sun san da zuwanmu. Da muka isa shingen Nijeriya aka karɓi takardarmu, aka buga mata hatimi, mai bugawar, da yake yana da wata gwaggo da ke aure a Safo, yana tambayar shofer lafiyarta. Daga nan sai abin da na daɗe ina jira. Mu a Nijar dama muke bi, su kuwa hagu. Shofer ya yi bisimilla ya karkata mota zuwa hannun da duk rayuwarsa aka hana shi bi. Babbar motar gyaɗa ta farko da ta taho, na rantse na ɗauka kanmu za ta hau, na runtse ido. Ta wuce ta damanmu lafiya lau, direbanta har da ɗaga mana hannu. Tafinta ya riƙa tuna wa shofer, duk kwana sai ya ce, "Hagu dai, hagu," har shofer ya ce in ya ƙara faɗa zai sauke shi ya ƙarasa Katsina da ƙafa.

A Jibiya muka tsaya shan fura, tsayuwar da ba ta fi ta alwala ba saboda akwati. Mai furar ba ta damu da wane kuɗi ke hannunka ba, dala ko sule duk karɓa take, ta ƙulle su a bakin zane ɗaya. Ta dube mu ta ce, "Mutanen Faransa ne?" Babbanmu ya ce Faransa ta tafi gida, yanzu Nijar ake cewa. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ita dai furarta ba ta canza ba. Na lura atamfa da kananzir da sukari sun fi araha a can, su kuma idonsu na kan dabbobinmu da wakenmu.

Hanyar Katsina shimfiɗaɗɗiya ce, mota na gudu kamar ba ita ce ta zauna cikin Gulbi ɗazu ba. Gonakin gyaɗa hagu da dama, an tuge an tara, mata na ta sussuka. In ba don allunan hanya da aka rubuta da Ingilishi ba, da sai ka ce tsakanin Maradi da Tibiri kake. Rumbunan iri ɗaya, rigunan iri ɗaya, har yadda ake ɗaga hannu a gaida mota. Duk tsawon hanyar nan tafinta na ta maimaita gaisuwar Ingilishi a ƙarƙashin numfashinsa. Ɗan gidan Kiristocin Maradi ne, a wurin mishan ya koyi harshen tun yana yaro, amma ya ce bai taɓa yin sa a gaban manya ba.

Bayan azahar muka hango ganuwa. Ni da na taso ina jin tsofaffi suna cewa asalinmu Katsina, sai na ji tsigar jikina ta tashi da muka shiga ƙofa. Kekuna kamar fari, ga turakun lantarki a jere, ga hasumiyar Gobarau can tana leƙen gari. Na so a tsaya in kalla, amma ruwan akwati ya riga ya jiƙe mini ƙafar wando.

Ofishin dabbobi yana wajen gari kaɗan. Wani dattijo mai furfura a gemu ya tarbe mu, shi ne babban malamin dabbobi na wajen, tare da mutanensa uku. Aka shigar da mu ɗaki mai dogon tebur, aka ɗora 'yan tutoci biyu a tsakiya. Babbanmu ya miƙe ya buɗe takarda ya fara jawabi da Faransanci, kamar yadda aka umarce shi daga sama. Ya faɗi jimla, tafinta ya juya ta Ingilishi, gumi na zuba kan lakar da ta bushe a rigarsa. Da aka gama, dattijo ya miƙe ya mayar da nasa da Ingilishi, tafinta na juyawa Faransanci. An gode wa shugabannin ƙasashen biyu, an yabi zumunci, an yabi makwabtaka, ba a ko zo kan maganar shanu ba. Ni kuwa hankalina na waje wurin mota.

Dattijo na tsakiyar wata doguwar jimla sai babbanmu ya sunkuyo wajena ya ce a hankali, "Mutumin nan zai kashe mana allura da Turanci. Ƙanƙara na narkewa."

Ashe kunnen dattijo garau yake. Ya ajiye takardarsa ya ce da Hausa, "Ranka ya daɗe, ai ku kuka fara. Ina akwatin yake?"

Sai kowa ya fashe da dariya, tafinta ya fi kowa. Dattijo da kansa ya riga mu fita. Na buɗe akwati. Ƙanƙarar da ta cika shi da asuba ta koma 'yan dunƙule uku kamar ƙwan zabi, amma da ya ɗauki kwalba ɗaya ya ɗora a kumatunsa sai ya ce, "Da sauran ranta. Ku kawo." Aka kwashe kwalaben aka jera su cikin firjinsu mai aiki da kananzir, kusa da nasu. Sai a lokacin na ji yunwa.

Sauran taron da Hausa aka yi shi, bai kai rabin awa ba. Aka tsayar da washegari Laraba, aka yarda ba za a rubuta sunan mai shanu ko ɗaya ba, aka yarda duk saniyar da aka yi wa allura a huda mata kunne da alama iri ɗaya, wadda kowace ƙasa za ta amince da ita. Tafinta bai tashi a banza ba. Shi ya zauna ya rubuta yarjejeniyar da harsuna biyu, kuma shi ya karanta mana rubutun da ke jikin kwalabensu, muka gane yadda suke haɗa tasu allurar daidai yake da namu.

Dattijo ya ce baƙin gwamnati gidan saukar baƙi ake kai su, amma shi bai ga baƙi ba, don haka gidansa muka sauka. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, muka miƙa kwandon kifi, uwargidansa ta aiko a ce mana tun tana amarya rabonta da kifin Madarumfa. Da muka tashi sallar magariba, sai na ga dattijo ya sa an shimfiɗa wa tafinta tabarma a zaure an kai masa fitila, ya ce ko zai so ya yi karatunsa shi ma. Wajen cin abinci kuwa tsiya ce ta ɓarke. Dattijo ya ce kakanninmu gudu suka yi suka bar Katsina, yau ga jikoki sun dawo cin tuwo. Babbanmu ya ce ai duba gidan muka zo yi, mu ga ko masu gadi na riƙe da shi da kyau.

A nan ne dattijo ya tambaye ni me ya sa na fi kowa damuwa da akwati. Na gaya masa gaskiya. Mahaifiyata na da shanu biyu, jar saniya da karsanarta, su ne duk abin da ta mallaka tun rasuwar mahaifina, kuma suna cikin garken ardon nan da muke nema, shi ke yi mata kiwo. Dattijo ya ce, "To, gobe kai ne dillalinmu."

Da safe aka ba mu shayi da madara da burodinsu mai zaƙi, mai kusurwa huɗu kamar tubali. Shofer ya ce wannan ai alkaki ne ya yi ƙiba. Aka cika akwatinmu da sabuwar ƙanƙara, motoci biyu suka kama hanya, tasu a gaba tamu a baya. Daga Jibiya muka saki kwalta muka yi yamma cikin daji, inda babu hagu babu dama, sai inda itace ya bari. Wani mai gadin daji da ke cikin motarsu ya san inda ardo ya sauka, bakin wani ɗan tafki da ko mutanen wurin ba su tabbatar a wace ƙasa yake ba.

Mun same shi yana shirin tashi. An ɗaure kaya kan shanun dako, an fara kora garke arewa, don labari ya iso masa cewa motar Nijeriya na tafe. Yana ganin tamu motar ta fito daga bayan tasu sai ya tsaya, ya dogara da sandarsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Dogo ne, siriri, ya manyanta amma tsaye yake kyam.

"Yau kuma haɗa kai kunka yi?" in ji shi.

Dattijo ya gaishe shi da Fulatanci, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar shanu da maruƙa. Ardo ya amsa, amma fuskarsa ba ta saki ba. Aka zauna ƙarƙashin wata tsamiya. Ya ce shi ba gudun gwamnati yake ba. Zamanin Nasara an taɓa yi wa shanunsa wata allura, maruƙa da yawa suka kwanta, wasu ba su tashi ba. Kuma duk inda mai allura ya ƙirga shanu, bayan wata guda mai jangali zai iso da lissafin a hannunsa. Yanzu ga gwamnati biyu, wato jangali biyu ke nan.

Babbanmu ya ce wannan allurar sabuwa ce, ba ta kwantar da dabba. Ya fito da yarjejeniyar, tafinta ya karanta masa da Hausa wurin da aka ce ba za a rubuta sunan kowa ba. Ardo ya ce takarda ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, don bai taɓa yarda da ita ba. Dattijo ya gaya masa rugar da bushiya ta shiga, tafiyar yini ɗaya daga nan, ya faɗi sunan mai rugar. Ardo ya san shi. Na ga yatsunsa sun ƙara damƙe sanda.

Sai dattijo ya juyo ya dube ni. Na matsa na durƙusa na gaida ardo, na ce, "Baffa, ka gane ni?"

Ya ce, "Na gane ka. Kai ne ɗan mai jar saniya. Bara kai ka bi ni har Gabi da mota."

Na ce, "Ni ne. A fara da ta innata, da karsanar. In wani abu ya same su, ita ta yi asara, ni kuma ni zan shiga gida in gaya mata."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ta san ka zo?"

Na ce ta sani, ita ta ce in na tarar da su kada in dawo ban yi musu ba.

Ya tashi da kansa ya shiga garke, ya kira jar saniya da sunan da ya sa mata, ta taho tana kaɗa kunne, karsana na bin ta. Ya ce to, uwar a yi mata ta Nijar, 'yar a yi mata ta Nijeriya, ya ga wadda za ta fara faɗuwa. Na ja allura na soka mata a wuya. Wani ma'aikacin Katsina ya yi wa karsana. Aka huda musu kunne, aka sake su. Jar saniya ta girgiza kai sau ɗaya ta koma cin ciyawarta. Ardo ya ce a jira. Muka zauna muna kallon shanu biyu na kiwo, manyan ma'aikatan ƙasa biyu da tafintansu, har inuwar tsamiya ta matsa. Matan ruga suka kawo nono a ƙwarya muka sha.

Can ardo ya je ya kama kunnen uwar ya duba, ya kama na 'yar ya duba. Ya ce, "Wanga huji, in na kai su kasuwar Jibiya ba mai sake tsare ni?" Dattijo ya ce babu. "In na kai Maradi fa?" Babbanmu ya ce babu. Ardo ya juya ya yi wa 'ya'yansa magana da Fulatanci, sai muka ga an fara sauke kaya daga kan shanun dako.

Aikin da muka yi ranar nan ban taɓa yin irinsa ba. Aka sare rassa aka yi shinge mai siririn lungu, shanu na shiga ɗaya bayan ɗaya. Mu a dama, mutanen Katsina a hagu, wanda saniya ta fi kusa da shi shi ke sokawa. Shofer da direbansu suka zama masu riƙe ƙaho, suna gardamar wace mota ta fi ƙarfi. Tafinta ya karɓi ƙarfen huda kunne, kafin la'asar ya ƙware har makiyaya na yaba masa, farar rigar nan kuwa ba a maganarta. Wani bijimi ya tsallake shinge ya bi babbanmu, ya zagaya tsamiya da gudun da ban san yana da shi ba. Da kwalabenmu suka ƙare aka ci gaba da nasu, ba wanda ya tsaya tambayar ta wace ƙasa ce. Kada a tambaye ni shanu nawa ne, mun yi wa ardo alkawari.

A rugar muka kwana, washegari da safe aka ƙarasa 'yan maruƙan da suka rage. Ardo ya zagaya garkensa kaf, bai tarar da ko ɗaya a kwance ba. Ya ba kowace mota ƙwaryar man shanu, ya auna su da ido don kada wata ƙasa ta ce an fifita wata. Wajen sallama dattijo ya riƙe hannun babbanmu ya ce wata mai zuwa su za su zo Maradi, kuma in aka tarbe su da Faransanci zai juya da motarsa. Suka yi kudu, muka yi arewa ta Gabi, muka iso Madarumfa ranar Alhamis ana kiran la'asar.

Da can in na ji ana maganar zumuncin Nijar da Nijeriya a rediyo, ina ɗauka abu ne na manya, a sauka daga jirgi a yi musafaha a koma. Tafiyar nan ta nuna mini manyan suna buɗe ƙofa ne kawai. In ƙananan ma'aikata irinmu ba su shiga sun san juna ba, sun ci tuwon juna, sun ajiye kwalabensu a firji ɗaya, to yarjejeniya za ta tsufa a cikin aljihun tebur, ciwo kuwa bai san inda shingen duwan yake ba. Na kuma koyi cewa makiyayi ba taurin kai gare shi ba, abin da ya taɓa gani ne yake tunawa, kuma sai ya ga ka sa naka a ciki kafin ya sa nasa.

Ranar Juma'a da safe ina alwala sai na ji kukan shanu ta bakin tafki. Na fito na tarar da garke uku a tsaye, ɗaya daga wajen Safo, biyu daga kudu, ba wanda ya aika musu. Wani tsoho a cikinsu ya tambaye ni ko ni ne mai hujin kunnen da ake karɓa ƙasa biyu, ardo ne ya ce su zo. Ba ni da ko kwalba ɗaya a hannu. Na roƙe su su sauka nan bakin ruwa su ba ni yini guda, na ari keken makwabcina, na kama hanyar Maradi neman allura.